Wakilin kamfanin tabarau da ya fito daga teburin haɗa gilashi: sharhin mai shago a Jos

Mu masu shagunan tabarau a Jos, musamman waɗanda ke zagayen Terminus da titin Ahmadu Bello, mun daɗe muna samun kaya ta hanya biyu: ko dai mutum ya rufe shago ya tafi Legas ko Kano ya zaɓo da hannunsa, ko kuma ya zauna ya jira 'yan tallan da ke yawo da jaka, waɗanda yawancinsu abin da suka sani game da tabarau bai wuce launi da farashi ba. A 'yan shekarun nan hanya ta uku ta buɗe, domin wasu kamfanonin sari da ke Abuja sun fara ɗaukar waɗanda suka koyi sana'ar haɗa tabarau, suka kuma yi ta a asibiti ko a shago, suna mayar da su wakilansu na sayarwa. Da ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni nake hulɗa yanzu, ofishinsa yana Wuse, kuma hidimarsa ce zan auna a nan. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na wakilin ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba na son ƙorafin ya taɓa abincin matashin da na ga yana aikinsa tsakani da Allah.

Mai haɗa tabarau ba shi ne likitan da ke yi wa ido tiyata ba, ba kuma shi ne mai gwajin ido da ke rubuta lambar gilashi ba. Aikinsa yana farawa ne daga inda takardar gwaji ta ƙare: ya karanta lambar, ya taya mutum zaɓen firam ɗin da zai iya ɗaukar wannan lamba, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanu, ya yanka gilashin ya ɗaura, sannan ya lanƙwasa ya daidaita har tabarau ya zauna a fuska. A Najeriya sana'a ce mai rajista, ƙarƙashin hukumar masu gwajin ido da masu haɗa tabarau, wato ODORBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 34 ta shekarar 1989. Wakilin da nake magana a kansa yana da wannan rajista, ya yi shekaru a ɗakin haɗa gilashi na wani asibitin ido mai zaman kansa a Abuja kafin ya ajiye filaya ya ɗauki akwatin samfur. Dalilin da ya ba ni ba baƙo ba ne ga duk wanda ke cikin harkar: albashin mai haɗa tabarau yana tsayawa wuri guda, babu matakalar da za a hau sai dai mutum ya buɗe nasa shagon, buɗe shago kuwa yana buƙatar injin yankan gilashi da na'urar auna ƙarfin gilashi, dukkansu kayan waje ne da dala ke yanke musu farashi. Kamfanin sari ya ba shi ɗan albashi na tushe da kamasho a kan abin da ya sayar, ya kuma damƙa masa yankin Filato da Nasarawa da Bauchi.

Bambancinsa da sauran 'yan talla yana fitowa tun daga yadda yake buɗe akwatinsa. Ɗan talla na gama-gari yakan zube kaya a kan tebur ya fara da mafi ƙyalli. Shi kuwa sai da ya nemi ganin littafin da muke rubuta lambobin abokan cinikinmu, ba tare da sunayensu ba, ya duba irin lambobin da suka fi yawa, ya tambayi shekarun mutanen da suka fi shigowa, kafin ya zaro tire ɗaya daga cikin akwatin. Ya lura cewa mafi yawan masu zuwa wurinmu sun haura shekara 40, lokacin da ido ke fara kasa ganin rubutu na kusa, kuma da yawansu suna son gilashi guda da zai yi musu nesa da kusa. Saboda haka ya ture ƙananan firam masu siririn gilashi gefe, ya ce waɗannan za su yi kyau a kan kantar shago amma ba su da zurfin da sashen karatu zai samu wuri, domin gilashin nan mai haɗa nesa da kusa ba tare da layi ba yawanci yana son kimanin milimita 18 daga saitin ƙwayar ido zuwa ƙasan firam, sai nau'in da aka taƙaita wanda ke iya sauka zuwa wajen 14. Abin da ya yi ya tuna mini da tela da ya koma sayar da yadi, wanda tun kafin ka gama bayani ya san yadi nawa rigarka za ta ci da kuma wane yadi ne ba zai ɗauki aikin wuya ba.

Akwai wani lissafi da duk mai haɗa tabarau yake yi a ka, wanda ban taɓa ganin ɗan talla ya yi ba sai shi. A cikin hannun kowane firam akwai lambobi uku, misali 54 da 18 da 140, wato faɗin gilashi ɗaya, da faɗin gadar da ke kan karan hanci, da tsawon hannun da ke tafiya bayan kunne, duk a milimita. Idan aka haɗa 54 da 18 an samu 72, ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar gilasan biyu. Mutumin da tazarar idanunsa 62 ce, dole a matsar da tsakiyar kowane gilashi milimita 5 zuwa wajen hanci, kuma idan lambarsa ta rashin ganin nesa ce mai ƙarfi, gefen gilashin na wajen kunne zai fito da kauri da nauyi har ya riƙa zamewa. Manyan firam ɗin da matasa ke yayi yanzu suna jawo wannan matsala sosai. Wakilin ya ɗaga ɗaya daga cikinsu, wanda kamashonsa ya fi tsoka, ya ce mini: "Alhaji, wannan ka ɗauki kaɗan kawai, don masu ƙaramar lamba ko masu son na rana. Wanda lambarsa ta kai huɗu ko biyar, in ka sa masa wannan, zai dawo maka da shi." Na ɗauki kaɗan ɗin, kuma maganarsa ta tabbata.

Haka kuma ya san fuskokin mutanenmu, abin da katalog ɗin Turai ba ya koya wa kowa. Firam ɗin roba da aka ƙera don dogon karan hanci yakan sauka ya zauna a kan kumatun mai faffaɗan hanci, gashin ido ya riƙa shafar gilashin, don haka ya fi kawo mana masu ƙananan matasan hanci, wato 'yan robobin da ke dafe gefen hanci, da ake iya buɗewa ko a matse. Ya san cewa mace mai sa hijabi tana shan wahala da firam mai kaurin hannu, domin hijabin yana danne shi a bayan kunne har wurin ya yi ciwo kafin la'asar, saboda haka ya ware mata masu siririn hannu mai laushi. Ya san dattijon da ke sallah da tabarau yana buƙatar hannun da aka lanƙwasa sosai a bayan kunne don kada ya zame a ruku'u da sujada. Ya kuma gargaɗe ni kan wasu firam na ƙarfe masu arha waɗanda fentinsu ke ɓarewa da gumi, ƙarfen nikel da ke ƙasa ya taɓa fata ya jawo ƙaiƙayi da baƙin tabo a gefen fuska, ya ce ga mai irin wannan fata gara roba ko ƙarfen titaniyam ko da kuɗin ya ɗan ɗara. Waɗannan abubuwa ƙanana ne a ido, amma su ne ke sa mutum ya riƙe tabarau ɗinsa ko ya jefa shi a aljihun tebur ya koma lalube.

Inda na fi ganin amfanin asalinsa shi ne ranar da aka samu matsala. Kamfanin yana karɓar aikin gilashi na musamman, mu aika lamba da awo ta WhatsApp, su sarrafa a Abuja su sako a motar haya. Wani dattijo malamin makarantar allo ya karɓi nasa mai haɗa nesa da kusa, bayan 'yan kwanaki ya dawo yana cewa sai ya ɗaga haɓa sama sosai kafin ya ga baƙaƙen Alƙur'ani, wuyansa har ya ƙage. Da na kira ofishin kamfanin, amsar da aka ba ni ita ce wadda kowa ya sani, wai a ba shi mako biyu zai saba. Wakilin da ya zo bai ce komai ba tukuna. Ya karɓi tabarau ɗin ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa yana juyawa a hankali har ya gano ƙananan alamomi biyu da ake zanawa a jikin irin wannan gilashi, waɗanda ke da tazarar milimita 34 a tsakaninsu, ya ɗiga musu tawada da alƙalami, ya ɗora a kan takardar awon kamfanin ya fitar da wurin da ya kamata ƙwayar ido ta zauna. Sannan ya ce: "Baba, a sa mini shi a dubi hancina," ya tsaya daidai tsayin dattijon ya duba. Alamar ta faɗo ƙasa da ƙwayar ido da milimita uku ko fiye a kowane ɓangare. Ya gwada da awon da muka aika, ya ga awonmu daidai yake, a wurin yanka ne aka saukar da gilashin. Nan take ya ɗauki hoto ya tura wa ofishinsu, ya rubuta cewa laifin nasu ne, aka sake yi ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ɗan tallan da bai taɓa riƙe gilashi a gaban injin yanka ba, da sai dai ya maimaita mini abin da ofis ya faɗa, ni kuma in rasa dattijon da duk almajiransa da iyayensu.

Milimita biyu ko uku ba wasa ba ne a wannan sana'a, kuma ina so mai karatu ya san dalili. Ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗalibi ita ce, idan tsakiyar gilashi ta kauce wa ƙwayar ido, gilashin yana karkatar da hoto gwargwadon ƙarfinsa da nisan kaucewar, ta yadda gilashi mai ƙarfin 5.00 da ya kauce da milimita 2 yake haifar da karkata ta ma'auni ɗaya cur a awon da masu sana'ar ke auna karkata da shi. Idan karkatar ta sama da ƙasa ce kuma ta bambanta tsakanin idanun biyu, mutum zai yi ta fama da ciwon kai da jiri, wani ma ya riƙa ganin abu biyu, ya je ya yi ta shan maganin da ba ya buƙata alhali gyaran yana hannun mai haɗa tabarau.

Game da kayan kansu, matsakaita ne masu kyau, kuma na yaba da cewa bai yi mini ƙarya a kan asalinsu ba. Ya faɗa mini kai tsaye cewa yawancin firam ɗin daga Wenzhou ta ƙasar Sin suke, gilasan kuma daga Danyang, garuruwan da suka shahara da wannan sana'a, kuma kamfaninsu ba wakilin Ray-Ban ko Oakley ba ne, waɗanda ke hannun EssilorLuxottica, gamayyar da kamfanin gilashi na Faransa da kamfanin firam na Italiya suka kafa a 2018. Wannan gaskiyar tana da daraja a kasuwar da jabun kaya masu manyan sunaye suka cika, har a bakin titi ana shimfiɗa su a faranti. Mahaɗin hannun firam ɗin yana da ƙarfi, robar ba ta tsagewa idan an ɗumama ta don lanƙwasawa, gilasan kuma suna zuwa da lambar da aka rubuta idan na gwada su a na'ura. Ya kuma ba ni shawarwarin da suka dace da Jos musamman. Gilashin nan mai yin duhu a rana yana ƙara duhu a sanyi kuma yana jinkirin washewa, don haka a garin da ke kan tsaunin da ya kai kusan mita 1,200, mai saye zai ga ya fi yi masa duhu da safiyar hunturu fiye da yadda ya ga na ɗan'uwansa a zafin Abuja, kuma a cikin mota ba ya yin duhu sosai saboda gilashin gaban mota yana tare hasken da ke sa shi canzawa. Ya ce in riƙa faɗa wa direbobi wannan tun kafin su biya. Ya kuma nace cewa duk wanda aka sayar wa gilashi mai rufin hana ƙyalli a koya masa wanke shi da ruwa kafin gogewa, domin ƙurar hunturu da gefen riga su ne ke cinye rufin cikin 'yan watanni.

Sai dai tsarin da kamfanin ya ɗora shi a kai yana ja da ilimin da aka ɗauke shi dominsa, kuma a nan ne ƙorafina yake. Kowane wata ana yanka masa adadin da zai sayar, kamashonsa kuma ya dogara da cika wannan adadi. Na lura cewa mutumin da ke zuwa a farkon wata da wanda ke kira a ƙarshensa kamar ba mutum ɗaya ba ne. A farkon wata yana hana ni ɗaukar abin da ba zai tafi ba, a makon ƙarshe kuwa sai in ji muryarsa ta canza, yana roƙon in ƙara dozin ɗaya ko biyu na kayan da shi da bakinsa ya ce ba su dace da mutanena ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin tafiya daga Abuja ta Keffi da Akwanga a haye Hawan Kibo zuwa Jos ta yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma ya gaya mini cewa abin da ake ba shi na hanya ba ya isa, daga kamashon yake cikawa. Amma kamfanin da ya ɗauki ƙwararre sannan ya riƙa biyansa bisa yawan kwali kaɗai, ba tare da la'akari da ƙarancin kayan da ake dawowa da su daga yankinsa ba, yana lalata abin da ya sa muke buɗe masa ƙofa.

Abin da ya fi damuna a wannan ɓangare shi ne tallan gilashin da ake cewa yana tare shuɗin hasken waya da kwamfuta. Kamfanin yana matsa masa ya tura shi ga kowa, da takardar talla mai cewa yana kare ido daga lalacewa, saboda ribarsa ta fi ta gilashi na yau da kullum. Binciken da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya na duniya, ta wallafa a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan irin wannan gilashi, bai samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba idan aka kwatanta da wanda ba shi da wannan rufi. Da na tayar da maganar, wakilin bai musa ba, ya ce ya san da haka, kuma abin da yake faɗa wa 'yan'uwansa a gida shi ne su riƙa ɗauke ido daga allo lokaci-lokaci su kuma tabbatar lambarsu daidai take. Na ji daɗin gaskiyarsa, amma na ji takaicin cewa takardar tana nan a akwatinsa, kuma a shagon da mai shi bai san wannan ba, za a manna ta a bango a riƙa karɓar ƙarin kuɗi daga iyayen ɗalibai da tsoron makanta.

Farashi ma yana da nasa ciwon kai. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kowa a harkar kayan waje ya sha wuya, kuma ban zargi kamfanin da tsadar ba. Abin da na ƙi shi ne a faɗa mini farashi da baki ranar Litinin, kaya su iso ranar Alhamis da wani farashin a kan rasit, wakilin kuma ba shi da ikon tsayar da abin da ya faɗa. Suna ba da bashin kwana talatin ga shagon da suka yarda da shi, wanda taimako ne na gaske ga mai ƙaramin jari, sai dai shi wakilin ne aka ɗora wa karɓar bashin, kuma hakan yana sa wasu masu shaguna su riƙa ɓoye masa daidai lokacin da ya kamata su nuna masa matsalolin kayansu. Canjin firam ɗin da ya karye a lokacin garanti yana ɗaukar makonni, saboda sai ya koma Abuja da shi an duba, kuma ba sa sako ƙananan kayan gyara irin su matasan hanci da noti tare da kaya, alhali waɗannan ne muke buƙata kullum. Shi wakilin yakan ɗebo mana daga tsohon akwatin aikinsa, amma wannan alherinsa ne, ba tsarin kamfani ba.

Matasa masu haɗa tabarau biyu sun tambaye ni ko su bi sahunsa, kuma abin da na gani a wurinsa na faɗa musu. Kuɗin yana iya fin na asibiti a watan da kasuwa ta buɗe, mutum yana sanin masu shaguna daga Lafiya har Bauchi, yana kuma koyon yadda sari ke tafiya, abin da zai amfane shi in ya tashi buɗe nasa. Amma zai yi kwanaki a hanya, zai koyi bin bashi wurin sa'an mahaifinsa, kuma hannunsa zai yi sanyi a aikin yanka da ɗauri in bai riƙa taɓawa ba. Na ba su shawarar kada su bar rajistarsu da hukuma ta mutu, kuma kafin su sa hannu su nemi a rubuta musu wanda zai biya kuɗin hanya, da lokacin da kamasho ke fita, ko ranar da aka kai kaya ko sai ranar da mai shago ya biya, da kuma wanda zai ɗauki asara idan bashi ya nutse.

A nawa shagon, zan ci gaba da karɓar firam na matsakaicin farashi da aikin gilashi mai haɗa nesa da kusa daga wannan kamfani, na kuma daina karɓar na shuɗin haske sai ga wanda ya nema da kansa bayan na yi masa bayani. Na rubuta wa ofishinsu na Wuse ina neman a riƙa ba ni farashi a rubuce wanda zai tsaya na mako guda, a kuma riƙa haɗo kayan gyara da kowane dozin. Na kuma sanar da su cewa idan suka sauya mini wakili da wanda bai iya gano alamomin da ke jikin gilashi ba, firam kawai zan riƙa karɓa, aikin gilashin in mayar da shi Kano.